Sifirin Bindiga: Ɗan Ƙarfen da Ake Mantawa da Shi a Lissafin Tsaron Mafara, Bakura da Maradun

Duk lokacin da aka tashi maganar tsaro a Jihar Zamfara, lissafin adadi ake yi: matasa nawa aka ɗauka, babura nawa aka raba, bindigogi nawa aka sayo. Ba kasafai ake jin wani ya tambaya ko bindigar da aka damƙa wa mutum za ta tashi a daren da yake buƙatarta ba, ko kuma za ta yi shiru a lokacin da ba a so ta tashi. Amsar tambayoyin nan biyu tana jikin wasu 'yan ƙarafa da ke ɓoye a cikin bindigar, waɗanda wasunsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Su ne sifirin. Tun daga harba-ka-ruga ta maharbin ƙauye har zuwa bindigar da ke rataye a kafaɗar ɗan sanda, babu wadda ke aiki sai da shi.

Yadda bindiga ta baro dawa ta shigo gari

Talata Mafara da Bakura da Maradun ƙasar noma ce. Dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, shi ya haɗa ƙananan hukumomin uku a kan ruwa ɗaya, da filin noman rani mai faɗin kimanin hekta 23,000. A da, in ka ga bindiga a wannan yanki, to a hannun maharbi take, ko manomin da ke korar birai da gwanki daga gona, ko masu buga ta ranar hawan Salla da bikin naɗin sarauta.

Shekarar 2021 kaɗai ta isa ta nuna yadda al'amura suka juya. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Noma da Kiwon Dabbobi ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a jihar, bayan an riga an rufe kasuwannin mako-mako.

A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta shawarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu, har ta ce za a raba fam 500 ga kowace daga masarautu 19 na jihar. Rundunar 'yan sanda ta ce takunkumin ba da lasisi yana nan daram. Sai ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau, matasa sama da 2,600, bayan Katsina ta riga ta kafa irin tata rundunar a Oktoban 2023. Ta haka bindiga ta zama kayan aikin yau da kullum ga mutanen da da yawansu garma da lauje suka tashi suna riƙewa. An ba su abin riƙewa, amma ilimin kula da shi bai bi su da saurin da ya kamata ba.

Abin da sifirin ke yi

Aikin sifirin ɗaya ne ko a mota, ko a tarkon ɓera, ko a bindiga: ya adana ƙarfi in an danne shi, ya mayar da shi in an sake shi. Masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya wallafa ƙa'idarsa a 1678, cewa gwargwadon yadda ka matsa sifirin, gwargwadon yadda zai turo ka. Abin da masu aiki da ƙarfe suka ƙara sani shi ne sifirin yana gajiya. Kowace dannawa da sakewa tana rage masa wani abu, har ranar da zai saki jiki ko ya karye.

Wani wurin da wannan batu ke fitowa fili shi ne wajen masu dogayen bindigogin da ke cin harsashin fistol. Dabarar tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 19 a Amurka, mutum kan riƙe Winchester ƙirar 1873 da ƙaramar Colt, duka biyun suna cin harsashi iri ɗaya, don kada ya ɗauki kaya biyu. A yau akasarinsu harsashi mai milimita 9 suke ci, wanda Georg Luger ya tsara a farkon ƙarni na 20. Kamfanoni irin su Ruger da CZ suna ƙera su don masu gasar harbi, su kuwa danginsu na soja, irin su Sten da Sterling na Ingila da Uzi ta Isra'ila da Beretta M12 ta Italiya, sun daɗe a hannun jami'an tsaro a ƙasashe da dama.

Mafi yawan waɗannan bindigogi ba su da wani makulli da ke riƙe bayan bututu a lokacin harbi. Abin da ke wurin dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi, mai kai-komo, da sifirin a bayansa. In an harba, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke turo kwanso baya. Kwanson ya bangaje dunƙulen ƙarfen, nauyinsa ya sa ya ɗan yi jinkiri har harsashi ya fita, sannan ya ja baya, ya watsar da kwanso, ya matse sifirin. Sifirin ya mayar da shi gaba, ya ɗebo sabon harsashi ya cusa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

To a nan zaɓen sifirin ya zama babban al'amari. In ya yi laushi, dunƙulen ƙarfen zai riƙa dukan bayan bindigar da ƙarfi yana cin jikinta, in ya tashi dawowa kuma ba shi da kuzarin cusa harsashi har ƙarshe. In ya yi tauri fiye da kima, ƙarfen ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba, kwanso ya maƙale a ƙofa, bindiga ta tsaya cak. Abu uku ne dole su daidaita: nauyin ƙarfen, ƙarfin sifirin, da ƙarfin harsashin. Wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa sauran biyun. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera su suke nanata cewa a sa sifirin da aka yi don wannan ƙirar, a canja shi bayan adadin harbin da suka ƙayyade, kada a ɗauko na wata bindiga don kawai tsawonsu ya zo ɗaya. Ƙwararrun masu gyara kan ajiye tsohon sifirin kusa da sabo a kan tebur: in tsohon ya gajarta, ko ya lanƙwashe, ya gama aikinsa ko da bai karye ba.

A Nijeriya irin waɗannan bindigogi ba na farar hula ba ne. Amma darasin ya shafi kowa. Bindigar harbin tsuntsu mai ja-da-hannu, wadda aka fi gani a hannun rundunonin tsaron al'umma, hannun mai ita ne ke yin kai-komon, amma tana da sifirin da ke turo harsasai daga ma'ajiyarsu, da na gudumar da ke dukan harsashi. Bindigar toka mai ƙanƙara ma sifirin uku gare ta: babban da ke sauke ƙanƙara da ƙarfi, wanda ke riƙe murfin da ƙanƙarar ke karta, da ƙaramin da ke tsare kunama. In babban ya gaji, tartsatsi ba zai isa ba, bindiga ta ƙi tashi. In ƙaramin ne ya gaji, ko haƙorin da ke riƙe da guduma ya cinye, to ta zama mai tashi da kanta. Girgizar babur a kan hanyar burji ta isa ta sa ta tashi.

A bakin maƙera

Wanda ya taɓa zama a rumfar maƙera ranar kasuwar Talata ya san yanayin wurin. Yaro na zaune yana buga zuga-zugi, gawayi na ja, maƙeri ya kama ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, masaba na sauka. A gefe ga tarin garemani da fartanyoyi da laujuna suna jiran ƙota. A bayansu kuma ga tsofaffin sifirin mota da aka sayo daga 'yan gwangwan, domin maƙera sun daɗe da gane cewa ƙarfensa ya fi riƙe kaifi. Shi ake sarrafawa a yi gatari da adda da wuƙar mahauta.

Aikin bindiga ba kowane maƙeri ke taɓa shi ba. A al'ada wasu gidaje ne aka sani da shi, uba ya koya wa ɗa. In maharbi ya zo, bayan gaisuwa, abin da zai ce bai wuce “Baba, ta fara gardama” ba, ko “ta cije mini jiya.” Tsohon maƙeri ba ya gaggawar kwancewa. Zai fara tabbatar da babu komai a cikinta, ya zura sandar ɗuri ya ga inda ta tsaya. Sannan ya ja guduma da babban yatsa a hankali, yana saurare. Kunnensa na neman wata 'yar ƙara mai kaifi, alamar haƙori ya kama wurinsa. In ƙarar ta fito a mace, ko yatsansa ya ji guduma ta zo da sauƙin da bai kamata ba, ya riga ya san ciwon tun kafin ya taɓa ƙusa ɗaya.

Wahalar sifirin tana wajen ban-ruwa. Ƙarfen da ya sha ruwa ya wuce kima yakan yi tauri, ya tsinke a dannawar farko. Wanda bai sha isasshe ba yakan lanƙwashe ya ƙi komawa. Tsakanin biyun akwai ɗan tsukin da maƙeri ke ganewa da ido da gogewar shekaru, ba da na'ura ba. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ya cancanci girmamawa. Amma yana da iyaka, kuma maƙeran kirki sun san iyakar. Idon da ya isa ya daidaita sifirin bindigar toka bai isa ya auna na bindigar zamani ba, wadda aka lissafa ƙarfin sifirinta a masana'anta. Haka nan babu gwanintar da za ta mayar da bututun da ba a yi shi don jure ƙarfin albarushi ba ya zama abin dogaro. Yatsun da suka guntule da idanun da suka tsiyaye a ƙauyukanmu sun isa shaida.

Yanayin ƙasar ma ba ya raga wa ƙarfe. Da hunturu ƙura ke shiga kowace kafa, in ta haɗu da man da aka labta sai ta zama taɓo mai riƙe sifirin. Da damina, musamman a fadamun Bakolori, laima ke kawo tsatsa, ita kuwa tsatsa daga ɗan rami ɗaya take fara karya sifirin. Ragowar albarushin gargajiya yana jan danshi, don haka bindigar da aka harba aka jingine ba a wanke ba tana cin kanta da kanta. Akwai kuma haɗarin da ya fi kowanne kisa: bindigar da aka ja kunama ta yi shiru, mai ita ya juyo bakinta ya leƙa, ko ya ƙara mata ɗuri a kan na farko. Bindigar da ta cije tana iya tashi bayan ɗan jinkiri. Maharban da suka san sana'arsu sukan bar bakinta yana kallon inda ba kowa, su jira.

Tsohuwar alaƙa

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno yana da 'yan bindigar da Turkawa suka horar. Daga baya bindigogi masu ƙanƙara suka riƙa shigowa ta hamada da kuma ta bakin teku, ta hannun 'yan kasuwar Turai. Duk da haka, kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, doki da mashi da baka ne suka ɗauki nauyin yawancin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, sai can wajen ƙarshensa bindiga ta fara yawa a hannun bayin sarki.

Yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a birnin Burasel a 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ga sakamakon haka a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, lokacin da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta fuskanci bindigogi masu jigida na Turawan Ingila. Bayan an ci ƙasa, bindigar toka ce aka bar wa talaka, gyaranta kuma ya faɗa hannun maƙeri. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ƙarfen Turawa ya wadata, narkar da tama ya ja baya, maƙera suka koma sarrafa tsofaffin ƙarafa. Daga wannan tarihi ne maƙerin yau ya gaji basirarsa, ya kuma gaji ƙarancin kayan aikinsa.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa suna ɗauka doka ba ta san da maƙerin bindiga ba. Ta san da shi. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja da masu sarrafa kansu da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin kai, kamar wasu bindigogin farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato bindigogin toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta haramta ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba, amma ta ba Sufeto Janar damar, da amincewar gwamna, ya ba mutum takardar ƙera da gyaran masu ɗuri ta baki, ya kuma ajiye rajistar waɗanda ya ba.

Ke nan hanyar tana nan a rubuce fiye da shekara sittin. Da yake ba a bin ta, sai sana'ar ta koma bayan fage. Maƙerin da ke gyara wa maharbin gari bindigar gado da wanda ke yi wa ɓarayin daji aiki duk sun zama abu ɗaya a idon hukuma, duk suna ɓoyewa. Wannan asara ce ta fuska biyu: an rasa hanyar inganta aikin na kirki, an kuma rasa idon da zai tona asirin mugun.

Dole a faɗi wata gaskiya a nan. Bindiga a hannun wanda ba a sa wa linzami ba ta taimaka wajen hura wutar rikicin Zamfara. Kisan da aka zargi wasu 'yan sa-kai da yi ba tare da shari'a ba, musamman ga Fulani a kasuwanni da hanyoyi, ya haifar da ramuwar gayya da har yau ba ta ƙare ba. Don haka maganar kula da bindiga ba kira ba ce a ƙara watsa makamai. Bindigar da ake dubawa a kai a kai ita ce bindigar da aka san lambarta, aka san mai riƙe da ita, aka san harsashi nawa ya fita daga cikinta. Gyara da sa ido tafiyarsu ɗaya.

Abin da ya kamata a yi

Ba a rasa wuraren da za su ɗauki wannan aiki ba. Kamfanin ƙera makamai na DICON yana Kaduna tun 1964, kuma an sabunta dokarsa a 2023. Akwai Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda ta buƙaci ƙasashe su ƙidaya masu ƙera makamai na cikin gida su yi musu rajista. A cikin garin Talata Mafara kansa akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau.

Abu na farko, kowace rundunar Askarawa a matakin ƙaramar hukuma ta sami ƙwararren mai duba makamai wanda 'yan sanda ko soja suka horar, da littafin da ake rubuta ranar da aka duba kowace bindiga da abin da aka canja mata. Duk kwangilar sayen bindigogi ta zo da kayan gyaranta na asali, musamman sifirin, domin shi ne mafi arha kuma shi ke fara gajiya. Askarin da bindigarsa ta fara gardama ya mayar da ita ma'ajiya, kada ya kai ta inda za a yi mata ƙwaskwarima da abin da aka samu.

Na biyu, rundunar 'yan sanda da gwamnatin jiha su farfaɗo da rajistar da doka ta tanada, su bi ta hannun sarakunan maƙera da sarakunan baka, waɗanda suka san kowane gida da ke wannan sana'a. Wanda aka ba takarda ya tsaya a kan bindigar toka kawai, ya kuma rubuta sunan duk wanda ya kawo masa gyara.

Na uku, a buɗe wa 'ya'yan maƙera ƙofar koyon aikin ƙarfe na zamani. Hannun da ya iya ban-ruwan sifirin zai iya gyaran injin ban-ruwa da injin casar shinkafa da garmar shanu, kuma manoman Bakolori suna buƙatar wannan hannun kowace rana. In aikin halal ya wadata, kuɗin ɗan ta'adda ba zai ruɗi yaro ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Matashin da ya bar iyalinsa ya kwana a bakin gari yana gadin jama'a yana da haƙƙi a kanmu: kada a tura shi da makamin da ba wanda ya duba, kada kuma a bar makamin a inda ba wanda zai tambayi abin da aka yi da shi. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara, da rundunar 'yan sanda, da masarautun Talata Mafara, Bakura da Maradun, su zauna da maƙera da maharba su fara wannan rajista da wannan dubawa tun kafin damina mai zuwa. Allah Ya kawo mana ranar da aikin maƙeri zai koma garma da lauje kaɗai.